Ƙwayar Miso: Maganin Olsa da Ya Shiga Ɗakin Haihuwa

A shekarar 2006 hukumar NAFDAC ta yi wa wani magani rajista domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, Nijeriya kuwa ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta yi masa rajista da wannan manufa. Sunan da ake rubutawa a jikin kwalinsa Misoprostol, ma'aikatan lafiya suna taƙaita shi su ce miso, wasu kuma sun fi saninsa da sunansa na kasuwa, Cytotec. Waɗanda suka haɗa shi tun farko ba su da mai naƙuda a ransu. Don masu gyambon ciki suka yi shi. Yau ga shi a ɗakunan haihuwa da ƙananan asibitocin karkara da jakunkunan ungozoma, har da kantocin kemis inda ake sayar da shi ba takardar likita. Yana ceton rayuka masu yawa, yana kuma kashewa idan aka sha shi a lokacin da bai kamata ba. Sau da yawa tazarar da ke tsakanin waɗannan biyun ba ta wuce mintuna kaɗan ba, wato kafin jariri ya faɗo ko bayan ya faɗo.

Kamfanin Searle na Amurka ne ya haɗa maganin a 1973, hukumar kula da magunguna ta Amurka kuma ta amince da shi a 1988. Hikimarsa mai sauƙin ganewa ce. Jikin ɗan Adam yana samar da wani sinadari mai suna furostagilandin, wanda ke sa tumbi ya fitar da majinar da ke lulluɓe bangonsa, ya kuma rage zafin ruwan da ke narkar da abinci. Magungunan ciwon jiki da na sanyin ƙashi, irin su diklofenak da ibufurofen da asfirin da Feldene, suna kashe ciwo ne ta hanyar hana jiki samar da wannan sinadarin. Ciwon gwiwa ya lafa, amma tumbi ya zauna babu kariya, a hankali ya fara ƙujewa har ya yi miki. Miso kwaikwayon sinadarin ne da aka haɗa a masana'anta, yana mayar wa tumbi abin da waɗancan magunguna suka ƙwace masa. Wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 1995, a kan masu ciwon gaɓoɓi kusan 9,000, ya nuna yana rage munanan matsaloli irin su zubar jini da hujewar tumbi da kusan kashi 40 cikin 100.

A nan akwai abin da ya kamata a warware, domin a wurinmu kusan duk wanda ya ji ƙwannafi ko zafin ƙirji sai ya yanke wa kansa hukuncin cewa olsa ce. Miso ba maganin kowace olsa ba ne. Yawancin gyambon ciki wata ƙwayar cuta ce ke haddasa shi, wadda likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano a farkon shekarun 1980, aka ba su kyautar Nobel a kai a 2005. Maganinta haɗi ne na magungunan kashe ƙwayoyin cuta tare da mai rage zafin ruwan tumbi kamar omefirazol, na kwana goma zuwa mako biyu. Miso ba ya kashe wannan ƙwayar cuta ko kaɗan. Ko a wurin da yake da amfani, wato kare tumbin mai shan maganin ciwon gaɓoɓi na dogon lokaci, likitoci da yawa yanzu sun fi zaɓar omefirazol da 'yan'uwansa, saboda miso sau huɗu ake shansa a rana, kuma yana yawan kawo gudawa da murɗar ciki. Shan sa tare da abinci yana rage wannan. Wanda kuwa ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin, ko ya yi aman jini, ya wuce batun ƙwaya, asibiti ne nasa a ranar.

Matsalar ita ce tumbi ba shi kaɗai ne ke jin kiran wannan sinadari ba. Mahaifa ma tana jinsa, har fiye da tumbi. Da zarar ya shiga jini sai ta fara matsewa, bakinta kuma ya yi laushi ya fara buɗewa. Shi ya sa takardar da ke cikin kwalin Cytotec take ɗauke da gargaɗi mai kauri: mai ciki kada ta sha shi don olsa. Macen da ke cikin shekarun haihuwa ma ba a ba ta sai an yi mata gwajin ciki cikin mako biyu kafin ta fara, an tabbatar babu, ta fara sha a rana ta biyu ko ta uku ta al'adarta, tana kuma kan hanyar tazarar haihuwa da za a dogara da ita. Ina so mai karatu ya tsaya ya kwatanta wannan sharaɗi da yadda muke yi da magani a gidajenmu. Maigida ya je asibiti aka rubuta masa, ya ji sauƙi, ragowar tana kan taga. Uwargida ta ce cikinta na zafi, sai a ce ga wanda na sha ya yi mini aiki. Cikin wata biyu ke gare ta, ita kanta ba ta tabbatar ba tukuna. Akwai ma haɗin da ake kira Arthrotec, diklofenak ne da miso a ƙwaya ɗaya, mai sayensa yana ganin maganin ciwon baya kawai ya saya.

Ƙasar Birazil ce ta fara ɗanɗana abin da ke biyo baya. An fara sayar da Cytotec a can a 1986 ba tare da takardar likita ba, nan da nan mata suka gano yana zubar da ciki, cinikinsa ya hau, har gwamnati ta taƙaita sayar da shi a 1991. Daga baya likitocin yara suka riƙa ganin jarirai da nakasa iri guda: fuskar da ba ta motsi, jaririn ba ya iya murmushi ko juya ido gefe, wasu da yatsu ko ƙafafu da ba su cika ba. Bincike ya danganta wannan da uwayen da suka sha miso a farkon ciki amma cikin bai fita ba. Ba kowane cikin da ya haɗu da maganin ne ke samun haka ba, amma haɗarin tabbatacce ne, kuma ya shafi wadda ta sha da gangan da wadda ta sha bisa kuskure. Macen da ta gano ta sha alhali tana da ciki, abin da ya fi mata shi ne ta daina nan take, ta je ta gaya wa likita gaskiya ba ɓoye-ɓoye.

To, wannan ƙarfi da yake da shi a kan mahaifa, shi ne kuma ya sa likitocin mata suka rungume shi. A ƙarshen ciki, jinin da ke ratsa mahaifa ya kai rabin lita ko fiye a kowane minti. Idan mabiyiya ta rabu da bangon mahaifa, jijiyoyin da ke ciyar da ita suna nan a buɗe. Abin da ke rufe su shi ne mahaifar ta dunƙule ta yi tauri, kamar yadda ake zuge bakin jaka. Idan ta saki jiki ta ƙi dunƙulewa, jini sai ya yi ta kwarara, mace mai cikakkiyar lafiya tana iya rasuwa cikin awa biyu. Wadda ta shiga naƙuda da ƙarancin jini, saboda zazzaɓin cizon sauro ko rashin abinci mai gina jiki ko haihuwa a kai a kai, ba ta ma kai haka ba. Zubar jini shi ne kan gaba wajen kashe mata a haihuwa a duniya. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna mata kusan 75,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa a 2023, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya.

Maganin farko na wannan matsala allurar oksitosin ce, kuma har gobe ita ce a gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada allurar da miso a asibitoci a kan mata fiye da 18,000, sakamakon da ya fito a 2001 ya nuna allurar ta fi ƙwayar. Amma allura tana buƙatar wanda ya iya yin ta, tana buƙatar sirinji, tana kuma buƙatar firji, domin zafi yana kashe ƙarfinta. A ƙauyen da babu wuta, a watan Afrilu, waɗannan sharuɗɗa uku ba ƙananan abubuwa ba ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma matan da ke haihuwa a asibiti ba su kai ɗaya cikin biyar ba. Sauran a ɗaka suke haihuwa, wata da ungozoma, wata da suruka ko kishiya, wata ita kaɗai saboda kunya ko don a ce jaruma ce. Ga waɗannan, zaɓin da ke gabansu shi ne ƙwaya ko babu komai. A yankin Belgaum na Indiya an gwada wannan a kan matan karkara 1,620, aka buga a 2006: cikin waɗanda ba su sha ba kashi 12 cikin 100 suka yi zubar jini, cikin waɗanda suka sha kashi 6 da ɗoriya. An rage kusan rabi da ƙwayoyi uku.

Arewacin Nijeriya ma ya ba da tasa gudummawar ga wannan ilimi. Wajajen 2009 masu bincike na Jami'ar Ahmadu Bello, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Kalifoniya, suka gwada rarraba miso a wasu garuruwa biyar na kewayen Zariya. Abin da ya fi burge ni a aikin shi ne ba su fara da ƙwayar ba, sun fara da mutane: zama da masu unguwanni da malamai da magidanta, horar da ungozomomi, da zaɓen amintattun mutane a cikin gari da za a ajiye maganin a hannunsu. Jihar Sakkwato ta bi irin wannan hanya daga baya, tana haɗa miso da man goge cibiyar jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole domin rigakafin zubar jini a 2011, a 2020 kuma ta amince a riƙa bai wa mai ciki tun a wurin awo ta tafi da shi gida, a wuraren da mata ke haihuwa babu ƙwararren ma'aikaci, da sharaɗin a koya mata, a kuma riƙa bin sawu.

Ƙa'idar a wannan wuri gajeriya ce. Ƙwaya uku, kowace mai ƙarfin maikirogiram 200, a haɗiye su bayan jariri ya fito, bayan an shafa ciki an tabbatar babu wani jaririn a ciki. Batun tagwaye ba wasa ba ne: idan aka sha alhali na biyu yana ciki, mahaifa za ta matse a kansa. Wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa awo, ko da mace ta ƙudurta a gida za ta haihu. Bayan an sha, yawanci maijego takan yi rawar sanyi, jikinta ya yi zafi, wata har da amai ko gudawa. Wannan aikin maganin ne, yakan wuce cikin 'yan sa'o'i, a rufa mata zane a ba ta ruwa. Kada kuma a ƙara mata wasu ƙwayoyin don an ga jini bai tsaya ba. Jinin haihuwa yana da sanadi huɗu: mahaifa ta ƙi dunƙulewa, ko yagewa a hanyar fitowar jariri, ko guntun mabiyiya ya maƙale, ko jinin kansa ya kasa daskarewa. Miso na farkon kaɗai yake magani. Yagewa ɗinki take so, guntun mabiyiya sai an ciro shi. Idan zane ya jiƙe sharkaf, ko maijego ta fara jiri da gumi mai sanyi, ko mabiyiya ta wuce rabin awa zuwa awa ba ta faɗo ba, a nemi mota, a tafi da masu ba da jini. Maganar da tsofaffi kan yi cewa jinin banza ne a bar shi ya fita, ta ci rayukan da Allah kaɗai ya san yawansu.

Inda zuciyata ta fi tashi shi ne amfani da shi a matsayin maganin naƙuda. Gaskiya ne likitoci suna tayar da naƙuda da miso idan ciki ya wuce lokaci, ko hawan jini ya tilasta a raba uwa da ɗa, ko jariri ya rasu a ciki. Amma a dubi adadin: maikirogiram 25 ake farawa da shi, wato a raba ƙwaya guda kashi takwas a ɗauki ɗaya. Ana bayarwa ana sauraren bugun zuciyar jariri, ana ƙirga yadda naƙuda ke zuwa, ɗakin tiyata kuma yana kusa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a tayar da naƙuda da shi ga macen da aka taɓa yi wa aiki aka ciro jariri, domin tabon mahaifarta yana iya ɓarkewa. Yanzu a ɗauki mace a ɗaka, naƙuda ta yi tsawo, wani ya kawo ƙwaya sukutum ko biyu ya ce zai sa ta sauka da wuri. Ta sha ninki takwas ko goma sha shida na abin da likita zai ba ta. Mahaifa ta riƙa matsewa babu hutu, jariri ba ya samun iska a tsakanin matsa da matsa. Idan kuwa abin da ya tsayar da naƙudar tun farko shi ne jaririn ya kwanta a gicciye, ko kansa ya fi ƙugun uwar, to babu hanyar fita, mahaifa ce za ta fashe. Matan da suka haihu sau biyar ko fiye sun fi shiga wannan haɗari, su ne kuma waɗanda aka fi sakin jiki da su, ana cewa sun saba. Duk wanda ya ba mai naƙuda wannan ƙwaya a gida, ko ɗan kemis ne ko ungozoma ko ma'aikacin asibiti da ke zagayawa gidaje da yamma, ya yi ganganci da rai biyu, komai kyawun niyyarsa.

Ana kuma amfani da shi ga wadda ta yi ɓari ciki bai fita duka ba, sau da yawa yana hutar da ita wankin ciki. Shi ma sai an duba ta tukuna, domin ciwon mara da ɗigon jini a farkon ciki suna iya zama alamar cikin da ya zauna a wajen mahaifa. Irin wannan ciki miso ba ya taɓa shi, jinkirin da za a yi ana jiran ƙwaya ta yi aiki kuwa shi ne ke kashewa.

Akwai wani ɓangare da ba a cika magana a kai ba, wato ingancin ƙwayar kanta. Miso yana jure zafi fiye da oksitosin, amma laima tana lalata shi. Shi ya sa mai kyau yake zuwa a rufe da takardar gwangwani gaba da baya, ba mai leda a fuska ɗaya ba. Idan aka ɓare shi aka ƙulle a leda, ko aka yanka katin da almakashi har iska ta shiga, ƙarfinsa zai fara zubewa cikin kwanaki, ƙwayar tana nan fara tas amma ba aiki. Wani bincike da aka yi a Nijeriya aka buga a 2018 ya gano kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran miso da aka gwada ba su cika ma'auni ba, na oksitosin kuwa kusan uku cikin huɗu. A karɓa daga asibiti ko kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, a ajiye inda babu damshi kuma yara ba sa kaiwa, kada a ɓare sai lokacin sha.

Saboda ana zubar da ciki da shi, wasu suna ganin a hana shi baki ɗaya. Na fahimci damuwarsu, dokar ƙasa ma ba ta halatta zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa. Amma hana shi zai fi cutar da matar aure da ke zubar da jini a ƙauye da tsakar dare fiye da kowa. Jihar Luwiziyana ta Amurka ta sa shi cikin magungunan da ake kullewa a 2024, likitocin haihuwa na can suka yi ta kokawa cewa ɗauko shi daga ma'aji yana cin mintunan da mai zubar jini ba ta da su. Sakin sa a kasuwa kamar farasitamol shi ma ba daidai ba ne, abin da ya faru a Birazil ya ishe mu. Hanyar da ta yi aiki ita ce ta tsakiya, kuma maƙwabtanmu sun nuna ta. Jamhuriyar Nijar ta fara wani shiri na ƙasa baki ɗaya a 2014, inda aka haɗa miso da wata 'yar jaka da ake hurawa a cikin mahaifa ta danne jijiyoyi, da rigar matse jiki da ke riƙe mace har a kai ta babban asibiti. Rahoton da ya fito a 2023 ya nuna mutuwar mata ta dalilin zubar jini ta ragu da fiye da rabi. A shekarar kuma aka buga sakamakon gwajin E-MOTIVE da aka yi a asibitoci 80 na Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya. Auna jinin da ke zuba da leda mai ma'auni, maimakon kintace da ido, tare da yin duk matakan ceto a lokaci guda, ya rage munanan sakamako da kashi 60 cikin 100. A duka biyun, magani ya yi amfani ne domin yana hannun wanda aka koya wa lokacinsa da iyakarsa.

Hukuncina shi ne, gwamnatocin jihohinmu su tabbatar kowace mai zuwa awo da ke da nisa da asibiti ta koma gida da ƙwayoyinta uku masu inganci da bayani a harshen da take ji, hukumomin da ke kula da kantocin magani kuma su hukunta mai sayar da shi a matsayin maganin naƙuda. Likitan da zai rubuta wa mace maganin olsa ko na ciwon gaɓoɓi ya tambaye ta ranar al'adarta ta ƙarshe kafin ya ɗora biro.

Magidanta, ku ne ke zuwa kemis, ku ne ake jira ku ba da izinin tafiya asibiti. Ku bar matanku su je awo, ku raka su ko sau ɗaya ku ji bayanin da kunnenku. Tun ciki yana wata bakwai ku tanadi kuɗin mota, ku san direban da za ku buga wa da dare, ku san 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini. Idan an ba ta ƙwayoyin, ku gaya wa duk wadda za ta zauna da ita ranar haihuwa cewa ba a taɓa su sai jariri ya faɗo kuma an tabbatar shi kaɗai ne.